Itacen da Muke Ƙonawa Kuɗin Zubinmu Ne



Bari in fara da wani abu da ya faru a ƙungiyarmu lokacin da nake riƙe da littafi. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a cikinmu, mace mai ƙwazo, tun kafin kiran assalatu take tashi, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi ƙosanta ya ƙare. Ta karɓi rance don ta ƙara jari. Ranar biya ta zo, kuɗi bai cika ba. Aka ɗaga mata, wani watan ma bai cika ba. Wasu suka fara ƙananan maganganu, ita kuma kunya ta sa ta fara fashin taro.

Ni da shugabarmu muka same ta a gida, muka zauna lissafi. Ta faɗi kuɗin wake, ta faɗi na mai, na niƙa, na albasa da attaruhu. Na ce, "Saura itace." Sai ta dube ni ta ce, "Au, shi ma itacen lissafa shi ake yi?" Da muka lissafa, kuɗin itacen da take ƙonawa kullum ya fi ribar da take komawa ɗaki da ita. A ƙofar gida take tuya, wurin da iska ke kaɗawa, a kan duwatsu uku, da ɗanyen itace. Rabin wutar ma ba ta taɓa kaskon.

Tun daga ranar, duk ƙungiyar da na je koyarwa sai na yi wannan bayani. Itace da gawayi kuɗi ne. Wanda muka ƙona a banza, daga cikin zubinmu ya fita.

Ina zafin yake tafiya?

Ki tsaya ki kalli murhunki mai duwatsu uku idan ana girki. Harshen wuta yana fita ta kowane gefe. Ki miƙa hannu nesa da tukunya, za ki ji zafi na dukanki. To wannan zafin da kika ji, kuɗinki ne yake bin iska. A irin wannan murhu, kaso kaɗan ne na zafin ke shiga tukunya, mafi yawa yana tafiya sama da gefe, wani kuma ƙasa ta shanye.

Hanyoyi huɗu ne zafi ke guje mana. Na farko iska, musamman da hunturu. Na biyu ɗanyen itace: itacen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama busar da ruwan nan kafin ta fara yi miki aiki. Shi ya sa yake kuka yana kumfa a gindi, yana tada hayaƙi. Na uku tukunya ba murfi, tururi yana ficewa da zafin. Na huɗu wutar da ta wuce buƙata. Ruwa idan ya tafasa ya kai iyakarsa, digiri 100 a ma'aunin zafi, ko kin tura masa itacen garin nan duka ba zai ƙara zafi ba. Sai dai ya ƙone da wuri ki ƙara wani ruwan.

Hayaƙin kansa itace ne da bai ƙone ba. Kuma ba aljihu kaɗai yake cutarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3.2 ne suka rasu sanadiyyar hayaƙin da ake shaƙa a cikin gidaje, daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun haura 237,000. Wa ke zama bakin murhu? Mu ne, da goyonmu a baya. Tarin da ba ya jin magani, ciwon ido, ciwon haƙarƙarin yara da ake kira nimoniya, duk hayaƙi na da hannu a ciki. Kuɗin asibitin nan ma daga asusunmu yake fita.

Ki fara da awo

Kafin ki canza komai, ki san nawa kike ƙonawa. Ba sai kin iya rubutu ba. Ki samu gwangwani, duk lokacin da kika ɗauko ɗaurin itace ko ƙullin gawayi, ki jefa tsakuwa ɗaya. Bayan kwana 7 ki ƙirga. Idan kina sana'ar wuta, gwangwani biyu za ki ajiye, ɗaya na girkin gida, ɗaya na sana'a.

A ce kina sayen itacen naira 500 a rana. A wata naira 15,000 ke nan. Idan kika rage kashi ɗaya cikin uku, kin tsira da naira 5,000 a wata, naira 60,000 a shekara. A ƙungiya mai mata 25, idan kowa ta yi haka, naira 1,500,000 ne a shekara. Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka ku sa naku ku lissafa a wurin taro.

Wata za ta ce, "Ai ni ba saye nake yi ba, daji muke zuwa." Haka ne, amma ki lissafa sa'o'in. Inda iyayenmu suke samun itace a bayan gari, yanzu sai an yi tafiya mai nisa, a wasu wuraren ma shiga dajin ya zama kasada. Yarinyar da ta tafi itace da safe ta rasa makarantar ranar. Wata kuma za ta ce maigida ne yake saye. To kuɗin gidan ne dai, kuma idan kika nuna masa tsakuwar da ta ragu a gwangwani, kin samu bakin yin magana a kan ragowar.

Abubuwan da ba sa cin ko sisi

Waɗannan za ki iya farawa da su yau.

1. Ki haɗa komai kafin ki hura wuta. Ki yi niƙa, ki yi jajjage, ki wanke shinkafa, ki auna ruwa. Da yawa daga cikinmu sai wuta ta kama sannan mu aiki yaro sayen magi.

2. Ki faskara itace ƙanana, ki shanya shi. Siraran faskare uku ko huɗu sun fi ƙaton gungume ci da kyau. Kafin damina ki jera shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ki rufe samansa, ki bar gefe iska na shiga.

3. Ki tare iska. Ki koma lungun da katanga ta kare, ko ki jera tubali, ko ki kafa tsohon kwano ta ɓangaren da iska ke zuwa. Amma kada ki shige ɗaki rufaffe don gudun iska, hayaƙi na buƙatar hanyar fita.

4. Ki rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. Tuwo dole a buɗe wajen talge da tuƙi, amma ruwan kafin ya tafasa ai ba ya buƙatar kallo.

5. Ki auna ruwa. Duk ruwan da kika tafasa kika tsiyaye kika zubar, da itacensa kika zubar.

6. Da ya tafasa, ki janye itace, ki bar ɗaya ko biyu yana ɓararraka a hankali.

7. Ki jiƙa wake tun dare, haka ma alkama da zangarniyar masarar da aka surfa. Jiƙaƙƙen wake yana nuna da wuri, kuma ba sai kin zuba kanwa da yawa ba.

8. Idan kin sauke, kada ki bar murhu yana ci shi kaɗai. Ki ɗora ruwan wanke-wanke ko na alwala a kan garwashin. Guntayen itacen ki cusa su cikin yashi su mutu, gobe su ne na hura wuta. Garwashin ki zuba a tsohuwar tukunya ki rufe, zai mutu ya zama gawayi. Idan da ruwa kika kashe, sai kin sake shanya.

Abu ɗaya da nake roƙonku ku bari shi ne hura wuta da leda ko tsohon silifa. Hayaƙinsu guba ne. Kara da busasshiyar ciyawa da totuwar masara sun isa.

Murhun laka

Wannan murhu ne da za ki gina da hannunki. Dabarar ita ce a kewaye wuta da tukunya da katangar laka, don zafi ya bi jikin tukunya ya hau maimakon ya watse.

Ki samu yumɓu ko jar ƙasa mai danƙo, ƙasar suri ma tana da kyau. Ki haɗa da kashin jaki ko na shanu, da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. Ki kwaɓa, ki rufe, ki bar shi ya kwana uku zuwa bakwai ya ruɓa, kamar yadda magina suke yi wa ƙasar yaɓe. Sai ki zaɓi tukunyar da kika fi girki da ita, domin kowane murhu da tukunyarsa. Ki kafa duwatsu uku, tsakanin ƙasa da gindin tukunya ya zama kamar tsawon tafin hannunki. Idan ya yi tsawo wuta ba za ta kai ba, idan ya yi gajere za ta shaƙe. Ki ɗora tukunyar, ki gina katanga kewaye da ita har kusa da wuyanta, kaurin katangar kamar faɗin yatsu huɗu. Ki bar rata tsakanin laka da tukunya kamar kaurin yatsa ɗaya, ta nan zafi da hayaƙi za su bi. Ki yanke ƙofa ɗaya ta sa itace, daidai faskare uku, tana fuskantar inda iska ke shigowa. Ki juya tukunyar a hankali ki zare ta, ki shafe ciki da ruwa.

Sai haƙuri. Na farkon da na gina, ɗoki ya sa na hura masa wuta bayan kwana biyu, ya tsage gida uku, kishiyata na ta yi mini dariya. Ki bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, duk tsagar da ta fito ki cike ta. Da damina ki rufe shi, ruwa ne maƙiyinsa.

Bayan ragin itace, za ki ga tukunya ta zauna daram wajen tuƙin tuwo, kuma yaro mai rarrafe ba zai faɗa wuta cikin sauƙi ba.

Akwai kuma murhunan ƙarfe da ake sayarwa. A Nijar an daɗe da sanin wanda ake kira Mai Sauƙi, a Najeriya kuma akwai irin su Save80 mai cin ƙananan itace, da murhunan gawayi masu yumɓu a ciki wanda ke riƙe zafi. Kafin ki saya, ki je gidan wadda take amfani da shi ki gani da idonki, gani ya kori ji. Ki tambaya ko tukunyarki za ta zauna a kai, ko za a iya tuƙa tuwo, kuma idan ya lalace wa zai gyara. Game da gawayi, ku sani a yadda ake ƙona shi a daji, sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye kafin a samu kilo 1. Mai tattalin gawayi tana tattalin bishiyoyi masu yawa.

Kwandon riƙe zafi

Wannan ita ce dabarar da ta fi ba mata mamaki idan na nuna. Abinci ba wuta yake buƙata ba don ya nuna, zafi yake buƙata. Idan kika hana zafin tukunya fita, abinci zai ƙarasa nuna da kansa.

Ki samu babban kwando ko kwali mai ƙarfi. Ki shimfiɗa masa tsummokara, ko auduga, ko audugar rimi, ko ƙaiƙayin shinkafa da aka ɗinke cikin ƙyalle, kauri kamar faɗin yatsu huɗu a ƙasa da gefe. Ki ɗinka matashi mai kauri na rufe sama. Kada leda ko buhun roba ya taɓa tukunya, zai narke.

Shinkafa: ki bar ta ta tafasa kamar minti 5, ki rage ruwa kaɗan daga yadda kika saba domin ba zai ƙone ba, ki sauke da murfinta a rufe, ki sa a kwando nan take, ki danne da matashi. Bayan kamar awa ɗaya ta nuna. Wake jiƙaƙƙe: ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan ya yi awa 3 ko 4 a kwando. Nama yana son ya fi haka daɗewa a wuta kafin a sa shi.

Sharaɗi biyu. Kada ki buɗe don leƙawa, duk buɗewa zafi ne ya tafi. Sannan idan kika buɗe kika tarar abincin ya huce, ya zama ɗumi-ɗumi kawai, ki mayar wuta ya sake tafasa kafin a ci, domin a cikin abinci mai ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Tukunyar da ta cika ta fi riƙe zafi a kan wadda ke da abinci kaɗan.

Amfaninsa ya wuce itace. Ki sa wake da safe ki tafi gona ko taro, ba mai cewa ya ƙone. Da azumi kuma yana ajiye abinci da zafinsa.

Ruwan zafi da wankan jego

Da sanyi, ruwan wanka yana cin itace kusan kamar girki. Rana kuwa kyauta take. Ki cika baƙar jarka ko baƙin baho, ki rufe, ki ajiye inda rana ke duka tun hantsi, a lungun da iska ba ta kaɗawa. Kafin la'asar ya yi ɗumin da zai isa wankan yara. Ki mayar da wankansu zuwa rana maimakon asuba. Sannan ba sai kin tafasa bokiti guda ba kina sirkawa har ya huce, ki ɗora iya wanda ake buƙata.

Zancen wankan jego ina yin sa da girmama iyayenmu da ungozomomi. Kwana arba'in ana tafasa ƙatuwar tukunya safe da yamma, kowa ta san tulin itacen da ake saye idan haihuwa ta matso. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. Mai jego tana buƙatar tsafta da ruwa mai ɗumi da abinci mai kyau da hutu. Ruwan da ke saɓule fata ba ya ƙara mata lafiya. Ku gwada ruwan da gwiwar hannu, idan ba za ki iya barin ta a ciki ba, ya yi zafi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta ranar, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta.

Ɗumama ɗaki da hunturu

A nan ina so ku saurara da kyau, domin maganar rai ce.

Wata shekara da sanyi ya tsananta, na shigar da kaskon gawayi ɗaki, na rufe ƙofa da taga, muka kwanta. Cikin dare kukan ƙaramin ɗana ya tashe ni. Kaina kamar zai tsage, na miƙe jiri ya ɗebe ni, yayarsa na ta amai. Da ƙyar na kai ga ƙofa. Allah ne ya yi da sauran kwananmu.

Gawayi idan yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Ko babu hayaƙi ko kaɗan, tana nan. A ɗaki rufaffe tana taruwa, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Mai barci yakan wuce ba tare da ya farka ba. Sau da yawa idan aka wayi gari da irin wannan rashi sai a ce abinci ne, ko a ce iskokai. Hayaƙin janareta ma irin wannan gubar yake fitarwa. Idan kun ga alamun, ku buɗe ƙofa, ku fitar da kowa waje, ku nufi asibiti.

Saboda haka wuta ba ta kwana a ɗaki. Ku ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa, a kashe kafin a kwanta. Ga abin da zai riƙe ɗumi ba tare da ita ba:

Da rana ki buɗe ƙofa da taga ta ɓangaren da rana ke shigowa, kafin magariba ki rufe. Ginin ƙasa yana shan zafin rana ya sake shi da dare. Ki toshe ɓarakar da iska ke shigowa, a ƙarƙashin ƙofa da tsakanin katanga da kwano, ki rataya labule mai kauri. Ɗakin kwano marar silin yana saurin hucewa, tabarma ko zana da aka ɗaura a ƙarƙashin kwanon tana taimakawa da sanyi, da bazara ma tana rage zafi. Kada yara su kwanta a kan siminti da tabarma ɗaya, ki sa kwali ko buhu a ƙasa. Riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma kada a manta hula da safa. Ki gasa dutse ko tubali a garwashin girkin dare, ki naɗe da tsumma, ki sa a shimfiɗa kafin a kwanta, amma kada ya taɓa jikin jariri ko tsohon da ba ya jin zafi sosai.

A wurin sana'a

Mai sana'ar wuta ita ta fi kowa cin ribar wannan darasi. A ce mai ƙosai ta yi cinikin naira 6,000. Wake 3,000, mai 1,500, niƙa da kayan haɗi 300, itace 700. Ribarta 500. Idan ta rage itace zuwa 400, ribarta ta koma 800, ba tare da ta ƙara ko ƙosai ɗaya ba.

Mai ƙosai, waina da awara: ki gina murhun laka daidai kaskonki ko tandarki, ki kare shi daga iska. Ki gama buga ƙullu kafin ki hura. Mai idan ya fara hayaƙi wuta ta yi yawa, kina asarar itace kina asarar mai, ƙosan kuma ya yi baƙi a waje ciki ɗanye.

Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa: ki jera aikin wuta a jere, suyar gyaɗa, ruwan zafi, tuyar ƙuli, duk a murhu ɗaya tun yana da zafi. Murhun da ya huce sai ya sake cin itace kafin ya ɗauka. Ɓawon gyaɗa ma makamashi ne, ki riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan.

Mai daddawa: kalwa tana shan wuta sa'o'i masu yawa. Ki jiƙa ta tun dare, ki rufe tukunya, kuma ruwan da za ki ƙara ya zama mai zafi wanda kika ajiye a gefen murhu. Ruwan sanyi yana mayar da dahuwa baya.

Mai gumin shinkafa: bayan shanshera ta kwana a jiƙe, tururi ne ke ƙarasa aikin. Ki sa maƙeri ya huda miki faranti mai ƙananan ramuka wanda zai zauna a cikin tukunya sama da gindi. Ruwa kaɗan a ƙasa, shinkafa a sama, buhun algarara da murfi a kai. Ruwa kaɗan yana saurin tafasa, ta ƙasa ba ta ƙonewa, kuma shinkafar ta fi fitowa da haske. Buntun da injin casa ke zubarwa shi ma yana ci idan aka haɗa da itace.

Ita baiwar Allahn da na fara ba ku labarinta, mun taya ta gina murhu a jikin katanga, ta koma sayen busasshen itace ta faskara. Ta biya bashinta kafin rabo, kuma yanzu ita take koya wa sababbin shiga yadda ake kwaɓa laka.

Abin da ƙungiya za ta yi

Irin wannan asusu namu na akwati da makullai uku ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991. Sunan ma ya isa darasi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga abin da za ku iya yi tare:

Ku sa mako guda na awo, kowa ta kawo tsakuwarta taro, sakatariya ta rubuta. Bayan wata ɗaya da fara gyara a sake awo.

Ku yi gayyar gina murhu, gida biyu ko uku a mako, har a zagaye kowa.

Wadda ke son rancen murhun ƙarfe, a yi mata lissafi a gaban kowa. A ce murhun naira 12,000 ne, yana rage mata naira 150 a rana, cikin kwana 80 ya biya kansa. Idan lissafin ya wuce wa'adin rance, ta fara da na laka.

Ku haɗa kuɗi ku sayi itace ko gawayi da rani lokacin da yake bushe kuma da sauƙi, kafin damina ta tsadar da shi.

Ku yi wa ragowar kuɗin wuri. Kuɗin da bai da mazauni, cefane ne yake cinye shi. Duk ranar da kika rage, ki jefa bambancin a wani gwangwani, ranar taro ki ƙara hannu da shi.

Ku yi magana da mazajenku a kan sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran. Da wannan manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin bishiyoyi a gonakinsu tun daga shekarun 1980, kuma rassan da ake sassabewa duk shekara su ne itacen girkin gida.

Tambayoyin tattaunawa a taro

1. Nawa kowace ta kashe a itace ko gawayi a makon jiya? Masu zuwa daji, awa nawa?
2. Cikin abubuwa takwas da ba sa cin kuɗi, wanne za ki fara da shi gobe?
3. Wa ya taɓa tashi da ciwon kai bayan kwana da kaskon wuta?
4. Gidan wa za a fara gina murhu, kuma wace rana?

Kada a tashi taro sai an amsa ta huɗu. Allah ya sa albarka a cikin zubinmu, ya kare mu da iyalanmu.